Yadda Na Je Damagaram Neman Idon Inna

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Iro, wai da gaske makaranta ka koma da furfurarka?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura kowa na ƙara masa nasa gishirin. Shekaranjiya na ji ana cewa wai da bindiga aka kama ni a kan iyaka. To ga shi zan faɗa sau ɗaya a takarda. Wanda ya ga magana ta karkace ya yi haƙuri, aji uku na yi aka sallame ni, kuma ba don ilmi ya yi mani yawa ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai gyaran keke ne a Daura, shekara arba'in ina faci. Da babur ya cika gari sai aikin ya koma zaman jira, ina wuni ina korar ƙuda daga kan famfo. Amma ba neman sabuwar sana'a ya kai ni koyon hoto ba. Inna ce dalili.

Ni ne ɗan farin Inna, kuma Inna mutumiyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban fuskata ba, ni dai a sanina. Kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni. In na je gaisuwa, Inna bango take fuskanta, ta amsa ta bakin wanda ke kusa: "A ce masa lafiya lau." Yaran yanzu in sun ga haka sai su zaci ƙiyayya ce. Kunya ce, kuma da ita na girma, ban taɓa jin ta a matsayin rashi ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu ta koma cikin danginta a tsallaken iyaka, wani ƙauye kusa da Matamaye, tana zaune gidan ƙanwata Ladi. Bayan damina Ladi ta aiko mani da saƙo gajere: "Yaya, Inna ta fara rabon kwallayenta." Duk wanda ya san tsofaffinmu ya san abin da ake nufi in mace ta fara sauke kwanonin da ta yi shekara sittin tana gogewa tana bai wa jikoki. Na zauna na duba, duk zuri'armu babu mai hoton Inna ko ɗaya. Jikoki sun sha gwadawa da waya, da ta ga an ɗaga hannu sai ta ja mayafi. Hotuna sama da goma na gani, duk na mayafi ne.

Na kai kukana wurin maƙwabcina Emeka, mai sayar da kayan babur, wato ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe mani kasuwa. Shekararsa ashirin a Daura, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya shiga ƙuryar shago ya fito da wata baƙar kyamara da ƙanensa ya bari.

"Baba Iro, ga aro. Amma wannan ba waya ba ce. In ka danna ba ilmi, duhu za ka ɗauko."

"A ina ake sayar da ilmin?"

"Ba dai shagona ba."

Akwai masu hoto a Daura, amma da na je wurinsu da kafin la'asar labari ya kai bakin rijiyar Kusugu. Sai na tuna taubashina Lawali, ɗan kawuna da ke Damagaram, ya taɓa cewa maƙwabciyarsa na koya ma masu farawa hoto, kwana shida. Ga shi kuma hanya ɗaya ce da ta ƙauyensu Inna. Na kira shi. Sai da ya gama dariyarsa tsaf sannan ya turo mani muryar malamar tana lissafa kayan da ɗalibi zai zo da su: kyamara ko wace iri, ba sai mai tsada ba; batir biyu da abin cajinsu; katin da hoto ke zama a ciki; ƙyalle mai laushi na goge gilashi; jaka mai rufi; sai ƙafa uku, wato abin da ake ɗora kyamara don kada ta motsa.

Duk na haɗa, ban da ƙafa uku. Na ce ina mai gyaran keke ba zan nemi ƙarfe wurin wani ba. Na yanko bututu uku daga gawar wani tsohon keke, na yi masu kai da maƙalin sirdi, Emeka ya lalubo mani kusar da ta shiga gindin kyamarar daidai. Abin ya tsaya cak. Nauyinsa dai ya kai na ɗan akuya.

Na bar Daura da hantsi, ranar kasuwar Mai'adua, mota cike da mutane da dabbobi. Aka ɗora mani wani rago a gwiwa, mai shi ya ce ai lafiyayye ne, ba ya tunkuyi. Gaskiya ya faɗa, bai tunkuye ni ba. Ƙyallen goge gilashin da na saƙala a aljihu ya cinye. Da na yi magana mai ragon ya ce, "Baba, ai ka gode Allah ba hularka ba ce." Darasi na farko ke nan, kuma ba malama ta koya mani ba: abin da aka ce a sa a jaka, a sa shi a jaka.

A kan iyaka aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i mai ladabi ya zaro bututuna uku daga buhu, ya juya su, ya leƙa cikin ɗaya da ido guda, ya kira abokin aikinsa.

"Tsoho, wannan fa?"

"Ƙafa ce, ranka ya daɗe."

"Ƙafar wa?"

Dole na kafa ta a gabansu, na ɗaura kyamara. Suka zagaya ta sau biyu. Na biyun ya ce, "To mun gani. Amma ba a ɗaukar hoto a nan." Na ce, "Ranka ya daɗe, ko an ce in ɗauka ban iya ba." Suka yi dariya, suka duba takarduna, suka ce Allah ya ba da sa'a. Bindigar da kuke ji ke nan.

Da muka wuce mararrabar ƙauyensu Inna na sunkuyar da kai kamar za ta hango ni. Ban sauka ba. Ban so in isa da kaya a hannu da kai fanko.

Lawali ya tare ni a tasha da gaisuwar taubasai: "Bawana ya iso. Ina tsarabar ubangidanka?" Na miƙa masa buhun ƙarfe na ce ya ɗauka, tunda aikin bayi ne. Ya sauke ni a ɗakin zaurensa, katifa mai kyau, sai dai akwai wata zabuwa da ta riga ni zama, kuma ba ta yarda an yi baƙo ba.

Mutanen Damagaram Hausa suke yi kamar mu, amma sun cusa mata Faransanci yadda muka cusa ma tamu Turanci, kowa kuma na ganin ɗan'uwansa ne ya ɓata harshe. Makaranta lakwal ce, kyauta kado. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa raba ni da haƙorin da nake ji da shi. Shayi kuwa ba a ba ka babban kofi ka sha ka tafi irin namu. Ɗan mitsitsin gilashi ne, zagaye uku, kuma in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya. Da rana ta take sai gari ya yi tsit, a ja ƙofofi, kowa ya kwanta. Na ce ma Lawali a Daura wanda ya rufe shago da azahar sai a je gaishe shi da jiki. Ya ce shi ya sa muke tsufa da wuri. Kilishinsu dai ban da abin cewa a kansa.

Malamar, Madam Zara'u suke ce mata, ba ta girmi 'yata ta biyu ba. Mu takwas ne ɗalibai, sauran bakwai in ka haɗa biyu ba su kai ni shekaru ba. Ta bi kayan kowa tana dubawa. Da ta zo kan ƙafata uku ta tsaya, ta girgiza ta, ta danna ta da ƙarfi, abin bai ko motsa ba.

"Baba, wa ya ƙera wannan?"

"Wani injiniya ne a Daura."

"Ka gaishe shi. Ta fi tawa tsayuwa. Sai dai ya nemo maka jaki."

Ranar farko riƙo kawai aka koya mana. Hannun hagu a ƙarƙashin gilashi, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, a ja numfashi a riƙe, sannan a danna a hankali. Ni kuwa shekara arba'in ina danna famfo, yatsana bai san a hankali ba. Duk dannawa sai kyamara ta rusuna. Hotuna ashirin na ɗauka na 'yan ajinmu, babu mai kai ko ɗaya. Madam ta ce, "Baba, takalma kake sayarwa?"

Rana ta biyu da ta uku haske aka yi. Ta ce abu uku ke auna hasken da ke shiga: faɗin ƙofar da ke cikin gilashi, daɗewar da ƙofar ke yi a buɗe, da kuma yadda kyamarar ke saurin jin hasken. Ta cika allo da lambobi, yara na ta rubutu, ni ina kallon allon kamar jaki a gaban kantin littafi. Da ta lura sai ta zo ta zauna kusa da ni ta tambayi sana'ata.

"In ka yi ma taya iska da yawa fa?"

"Ta fashe."

"In ka yi kaɗan?"

"Ta kwanta."

"To hoton da ya yi fari fat, taya ce ta fashe. Wanda ya yi duhu, ta kwanta. Ka riƙa taɓawa kana ji, kamar yadda ka saba."

Daga ranar lambobi suka daina ba ni tsoro. Ta fitar da mu tsakar gida ta nuna mana cewa ranar tsaka mugun haske ce, tana rami a idon mutum. Hasken safe da na la'asar su ne na arziki, sai kuma wanda ke shigowa ta bakin ƙofa ya sauka a gefen fuska. In ɗaya gefen ya yi duhu, a tara farin kwali ko farin zane ya maido hasken. Ni da na zaci sai da fitilu irin na gidan biki.

Rana ta huɗu tsari: kada a dasa mutum a tsakiya kamar turke, a duba bayansa kada icce ya tsiro masa a ka, a durƙusa daidai tsayin wanda ke zaune. Ta kai mu kasuwa, da sharaɗin ba a ɗaukar kowa sai an yi sallama an nemi izini, in ya ƙi a yi godiya a wuce. Ni sallamata kan yi tsawo. Kafin in gama tambayar mai tattasai iyali da gajiya, haske ya tashi daga inda yake.

A ranar ce ta faɗi maganar da ta hana ni cin tuwo. Ta ɗaga hoton wata tsohuwa ta ce, "Hoton mutum ido ne. In ido bai fito ba, tufafi ka ɗauka."

Da aka tashi na tsaya na gaya mata abin da ya kawo ni, Lawali na gefe ya zo ɗaukata. Ta ce, "To ka ce mata ta dube ka mana, minti ɗaya ne." Lawali ya yi dariya har da riƙe bango. Ya ce, "Madam, gwaggona ce. In ta dubi wannan, to a duba ko rana ta fito daga yamma." Madam ta ce ita a birni ta tashi, uwarta har sunan ɗan farinta take kira. Ta ce wannan ba ya cikin darasinta, amma za ta yi tunani.

Rana ta biyar aka koya mana kwashe hotuna daga kati, ajiye su wuri biyu, da zaɓen wanda za a wanke. Ta shida kuma ta nuna mana wani agogo da ke cikin kyamara: ka danna, wata 'yar fitila ta yi ta ƙiftawa, bayan ƙirga goma ta ɗauka da kanta. Na ce wannan na samari ne masu son ganin kansu, ni na san kamannina, ba na neman ƙarin baƙin ciki. Madam ta ce ba zan fita ajinta ba sai na yi sau uku. Na yi, ina gunaguni. Ba ta ce mani don me ba, ta dai ba ni sabon ƙyalle kado, ta ce in kiyayi raguna.

Na isa ƙauyensu Inna da la'asar sakaliya, a bayan babur, ƙafa uku a kafaɗa. Ladi ta tare ni. Inna na zaune bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta rame ƙwarai, bayanta kuma jeren kwalla ya koma guda ɗaya tak. Na durƙusa na gaishe ta. Ta juya ga bango.

"A ce masa an zo lafiya."

Hasken kuwa irin wanda Madam ke yabo ne, yana kwance a gefen fuskarta. Na kafa ƙarfena, na ɗaura kyamara, na auna komai yadda aka koya mani, na sa Ladi ta rataya farin zane a igiya. Sannan na nemi izini, ta bakin Ladi.

"A ce masa ya ɗauki abin da ya gani," in ji Inna.

Abin da na gani ƙeya ce da ɗankwali. Na ɗauka. Na matsa gefe, ta ƙara juyawa. Na ce ma Ladi ta zo ta tsaya a bayan kyamara, ni in kauce. Inna ta ce, "Ke ma kin shiga shirmen?" Ta kai hannu ga mayafi. Na tsaya da ilmin kwana shida a kaina, rana na sauka, ban da dabara.

Sai ta ƙara da cewa, "A ce masa ni ban iya zama mutum na ƙare mani kallo ba."

A nan agogon Madam ya faɗo mani.

"Ladi, ce mata babu wanda zai tsaya a bayansa. Ƙarfe ne kawai, ƙarfen ma na keke. Shi zai danna kansa."

Ladi ta isar da saƙon. Sai Inna ta ce, "Tun yana yaro yake da ƙarya."

"Ce mata ta sa ido a kan 'yar fitilar nan, ta kama ni."

Ban san ko yarda ta yi ba ko son kama maƙaryaci, amma ta saki mayafin ta gyara zama. Ladi ta koma bakin madafa. Na danna, fitila ta fara ƙiftawa, na nufi gefen tabarma don in zauna. Ƙirga goma a ajin Madam da ƙirga goma a tsakar gida mai turmi ba ɗaya ba ne. Ƙafata ta ci karo da taɓarya, na tafi gaba ɗaya, na ji ƙarar kyamara ina tsakanin sama da ƙasa.

Ladi ta yi dariya har da hawaye. Inna, fuska a bango, ta ce, "A tambaye shi ko ya ji ciwo." Na ce a ce mata ƙasa ce ta ji.

Na kawar da taɓarya, na sake dannawa, na taka a hankali na zauna, na bar tazarar kamu biyu tsakanina da ita. Muka fuskanci ƙarfen keke mu biyu. Fitila ta yi ta ƙiftawa, sannan ƙaras.

"Ashe ya yi gaskiya," in ji Inna. "Sau ɗaya."

Washegari na hau babur zuwa Matamaye na wanko hotuna biyun da agogo ya ɗauka, na dawo kafin azahar. Na biyun ya fito yadda ake so. Idon Inna tar, yana kallon mai kallo, ni kuma a gefe kamar wanda aka kama da satar kaza. Na ba Ladi, Ladi ta miƙa mata. Ta kai shi kusa da fuska. Na zaci kanta za ta duba, sai na ga yatsanta a ɗaya gefen takardar yake. Ta daɗe. Ni ina zaune ina kallon ƙasa.

"Ladi," ta ce, "ashe yaron nan ya yi furfura haka?"

Kafin Ladi ta buɗe baki, Inna ta jawo kwallar nan da ta rage, ta buɗe, ta sa hoton a ciki, ta rufe.

Na kwana biyu na kamo hanyar gida. A kan iyaka jami'in nan ya gane ni, ya ce, "Tsoho, an iya?" Na ce an fara. Na maida ma Emeka kyamararsa, ya ce in riƙe tukuna, tunda na daina ɗauko duhu. Hoton da kuke gani a saman famfo a shagona shi ne na biyun, don guda biyu na wanke, kuma duk wanda ya ce na yi kama da ɓarawon kaza, na riga shi faɗa.

Na farkon kuwa, wanda aka ɗauka ina faɗuwa, shi ma na wanke shi. Ta fuskar darasi bai ci ba: na cinye rabin hoton, ƙafata ɗaya a sama, hulata na iska. Amma a ɗaya rabin Inna ce. Ta bar fitilar, ta juyo gaba ɗaya, idonta a kaina, ta miƙo hannu biyu za ta tare ni.

Ban nuna mata ba, don kunya za ta ji. Ban nuna ma Ladi ba. Yana cikin aljihun gaban rigata, inda ragon nan ya ci ƙyalle, amma yanzu na sa masa maɓalli. Labarinsa dai na ba ku. Wanda ya ce in fito da shi ya gani, shayinsa ya ƙare a shagona.